Ɗaga ƙarfe da tsamin jiki: gardamar samarinmu a Jidda da Makka

Tun da wuraren motsa jiki suka yawaita a Jidda da Makka, har ta kai da wuya ka bi babban titi ba ka ga allon wani nadi, wato wurin motsa jiki, ba, samarinmu na Hausawa suka rabu gida biyu a kan tambaya ɗaya. Ka ɗaga ƙarfe jiya, yau ka wayi gari jikinka ya yi tsami, ko sunkuyawa ka ɗaure takalmi sai da cije leɓe. Za ka koma nadi ne, ko za ka kwanta? Gida na farko sun ce komawa dole ce, ciwon nan shi ne shaidar an yi aiki, wanda kuwa ya ji tsami ya gudu, rago ne. Gida na biyu sun ce jiki ya ji rauni, a ƙyale shi ya warke sarai ko da zai ci mako guda. Ni ina tare da masu komawa, amma hujjarsu ba ta gamsar da ni ba, kuma akwai mutane da yawa a cikinmu da ba zan taɓa ce musu su koma ba.

Tsamin da ake magana a kai yana da halinsa da ba ya sauyawa. Ba ya zuwa lokacin da kake riƙe da ƙarfen. Ka gama, ka yi wanka, ka ci abinci lafiya lau, sai bayan sa'a 12 zuwa 24 ya fara leƙowa. Ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa jibi kan fi gobe zafi, sannan ya janye a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai. Tun a 1902 wani masanin aikin jiki a Amurka, Theodore Hough, ya bayyana shi, ya kuma ce asalinsa ƙananan yagewa ne a cikin tsokar da aka sa ta aikin da ba ta saba ba. Binciken da ya biyo baya ya ƙara da cewa jiki kan aiko da kumburi wurin don gyara, kuma wannan kumburin ne ke sa jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su zama masu saurin ji. Taɓa wurin kaɗan, sai ka ji kamar an doke ka.

Duk wanda ya taɓa raka baƙi hawa dutsen Jabalin Nur a Makka ya san wani abu da masu nadi ke biyan kuɗi kafin su sani. Hawa ne ke sa haki, zuciya na bugawa, gumi na zuba, mutum na tsayawa kowane lanƙwasa yana neman numfashi. Amma cinyoyin da ke hana shi zama a tahiya bayan kwana biyu, saukowa ce ta yi musu aiki. A wajen sauka, tsokar cinya tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin jiki don kada ya ruguzo ƙasa, kuma irin wannan aikin na birki shi ne ya fi yaga zaren tsoka. Haka abin yake a nadi. Lokacin da kake sauke ƙarfe a hankali zuwa ƙirji, ko kake tsugunawa da nauyi a kafaɗa, a nan ake shuka tsamin jibi. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya sami mabuɗin rage shi.

Maganar da ta fi yawo a bakin kabtin-kabtin, wato masu horarwa a nadi, ita ce wai asid ɗin laktik ne ya taru a tsoka, sai ka zo ka yi gumi ya narke. Wannan tsohon zance ne da aka daɗe da yin watsi da shi. Laktik yana ƙaruwa lokacin da kake tsakiyar aiki, kuma cikin kusan sa'a guda da gamawa jini ya kwashe shi. Abin da ya tafi tun kafin ka isa gida ba zai zama dalilin ciwon da bai fara ba sai gobe. Na kawo wannan ne saboda a kansa ake gina shawarar shiga ɗakin tururi a yi ta zufa, ko a naɗe ciki da leda, abubuwan da ba su cire tsami sai dai su ƙarar da ruwan jiki a ƙasar da ruwan jiki ke da tsada.

To me ya sa nake cewa a koma? Saboda jiki yana da wata baiwa da aka tabbatar sau da yawa a gwaji: idan tsoka ta sha wani irin aiki sau ɗaya, karo na biyu ba ta yin tsami kamar na farko, ko da nauyin bai ragu ba. Wannan kariya tana samuwa daga zama ɗaya, tana kuma iya daɗewa makonni, har watanni. Iyayenmu da suka yi noma a gida kafin su zo ƙasar nan sun san haka ba tare da karatu ba. Ranar farko ta huɗa kowa jikinsa ciwo yake, amma ba wanda ke jingine garma ya ce sai ya warke, don damina ba ta jira. Washegari a koma a hankali, kafin mako ya zagayo jiki ya saba. An kuma gwada sa tsoka mai tsami irin na yau da kullum ta sake aiki kafin ta warware, ba a ga ɓarnar ta ninku ba. Motsi mai sauƙi ma yana rage zafin na ɗan lokaci, ko da yake yakan dawo idan jiki ya huce.

Matsalar gida na biyu ita ce hutun da suke bayarwa ba shi da ranar ƙarewa. Yaro ya biya ishtiraki, wato kuɗin rajista, na wata uku, ya je ranar Asabar, ya kwanta har Alhamis yana jiran ciwo ya tafi gaba ɗaya. Ya koma bayan kwana goma, ya sake shan wani sabon nau'in atisaye, ya sake kwanciya. Kafin wata ya ƙare zuciyarsa ta haɗa nadi da azaba, katin ya koma zaman aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar yin aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Mai jiran sai tsami ya gushe ƙaf a watanninsa na farko, da ƙyar zai cika wannan mafi ƙarancin.

Amma fa gida na farko kada su yi murna. Cewa ciwo shi ne awon ci gaba kuskure ne, kuma shi ne kuskuren da ya fi kai mutane asibiti. A 2016 masu bincike a Jami'ar Sao Paulo ta Brazil sun bi samari da ba su saba ɗaga ƙarfe ba tsawon mako 10, suna ɗibar ɗan yankin tsokarsu suna dubawa. A makon farko ɓarnar tsoka ta fi yawa, jiki kuma yana ta sarrafa furotin, amma galibin aikin na faci ne. Sai da ɓarnar ta lafa a makonnin baya sannan abin da jiki ke ginawa ya dace da girman da aka gani. Wato lokacin da ka fi jin ciwo, jikinka yana biyan bashi ne. Ribar tana farawa ne sa'ad da ciwon ya ragu. Duba ma mutanen da suka shekara suna ɗaga ƙarfe: da yawansu sai su yi watanni ba su ji tsamin kirki ba, ƙwanjinsu kuwa na ƙaruwa. Akwai kuma tsokar da da wuya ta yi tsami, kamar ta kafaɗa, amma tana girma kamar kowace. Idan kana son sanin ko kana ci gaba, littafin da kake rubuta nauyi da adadin ɗagawa shi zai gaya maka, ba irin tafiyar da kake yi da safe ba.

Komawar da nake nufi tana da ladabi. Ka je, ka fara da ɗumama jiki na minti goma, tafiya a kan na'ura ko keke, sannan ka gwada motsin da za ka yi ba tare da nauyi ba. Idan tsamin ya sassauta, gaɓa tana buɗewa har ƙarshenta, to ka yi aikinka, ka ɗan rage nauyi ko yawan zagaye. Idan kuwa bayan ɗumamawa har yanzu ba ka iya tsugunawa yadda ka saba, ko hannunka ba ya miƙewa, ko ƙarfen da ka ɗaga sau goma makon jiya yau ya gagare ka a na biyar, ka bar wannan tsokar, ka koma wata. Cinya na ciwo ba ya hana a yi baya da kafaɗa. Dalilin ba tsoron tsamin ba ne. Tsoka mai tsami sosai ƙarfinta yana raguwa na kwanaki, kuma idan ta kasa, jiki yakan karkatar da nauyin zuwa inda bai kamata ba, ƙugu da gwiwa su ɗauki abin da ba nasu ba. Barin kwana biyu tsakanin aiki mai nauyi a kan tsoka guda ƙa'ida ce mai kyau, don a cikin wannan tazarar ne ginin ya fi gudana.

Samarinmu suna alfahari da Usama Hausawi, ɗan Makka da ya riƙe kambun kyaftin na Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, kuma sun cancanci yin alfaharin. To su lura da yadda manyan ƙungiyoyin ƙwallo ke tafiyar da 'yan wasa washegarin wasa. Wanda ya buga minti casa'in ba a ce masa ya kwana yini a gado, ba a kuma ɗora masa atisaye mai nauyi. Sassarfa kaɗan, keke, ninkaya, tausa, sai a tashi. Mutanen da ƙafarsu ta kai miliyoyin riyal haka ake lallaɓa ta.

Akwai ciwon da ba tsami ba ne, kuma bambance su ba ya buƙatar digiri. Tsami yana zaune a cikin naman tsoka, a baje yake, yawanci a ɓangare biyu daidai, yana zuwa a makare, yana kuma sauƙi da motsi. Ciwon da ya soke ka nan take kana tsakiyar ɗagawa, wanda za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, wanda ke cikin gaɓa ko inda jijiya ta kama ƙashi, wanda ya zo da ƙara ko taruwar jini a ƙarƙashin fata, ko wanda ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa da jin kamar tafiyar kiyashi, wannan targaɗe ne ko yagewa ko matsewar jijiya. Shi ba a yi masa jarumta. Wanda ya ci gaba a kansa yana mayar da jinyar mako biyu ta zama ta wata shida.

Yanzu ga inda na rabu da kowa, har da masu ba da shawara mai kyau a intanet. Duk wannan lissafi na kwana biyu da raba tsoka an gina shi ne a kan mutumin da ke wuni a kujera ƙarƙashin na'urar sanyi, wanda sa'a guda a nadi ita ce kaɗai wahalar da jikinsa ke gani a rana. A cikinmu akwai irinsu, ma'aikatan ofis da ɗalibai da 'yan kasuwa. Amma mu faɗi gaskiya, samarinmu da yawa a nan jikinsu ne jarinsu. Akwai mai dako a kasuwar kayan gwari, mai sauke kwali a sito, leburan gini, mai wankin mota, mai kai saƙo a kan babur, da mai tura alhazai a keke. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, kuma mai turawa ba sau ɗaya yake yi a yini ba. Irin wannan mutum idan kabtin ya ce masa gobe ranar hutun ƙafa ce, dariya ce, don ƙafarsa ba ta da ranar hutu. Dawam ɗinsa, wato aikinsa na yini, shi kansa atisaye ne, kuma jiki ba ya ware gajiyar da aka biya ka kuɗi a kanta da wadda kai ka biya. Asusu ɗaya ne.

Saboda haka shawarata ga ɗan dako ta bambanta da ta ɗan ofis. Ɗan ofis mai tsamin jiki ya tashi ya je, zaman ma shi ke ƙara masa sagewa. Ɗan dako mai tsamin jiki ya riga ya sami motsin da ake cewa yana rage tsami, har ya yi yawa. Abin da ya rage masa barci ne da abinci. Ya ɗaga ƙarfe sau biyu ko uku a mako, ya ajiye aiki mai nauyi na ƙafa da baya zuwa daren da ba shi da dawam washegari, wanda ga yawancinmu daren Alhamis ne. Idan kuma ya tashi da tsamin da zai sa ya ɗauki buhu a karkace, to nadi ya ci amanar sana'a. Mai albashi ya yi targaɗe yana iya samun hutun jinya. Mai aikin yini, ranar da bai fita ba tukunyar gidansu ce ke ji.

Sai zafi. Ba banza ba hukuma ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga sha biyu zuwa uku na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kowace shekara. A aikin Hajjin 2024 zafi a Makka ya haura digiri 51. Jidda kuma ga danshin teku da ke sa gumi ya zuba ba tare da ya sanyaya jiki ba. Wanda ya wuni a waje yana shigowa nadi da bashin ruwa a jikinsa, sanyin na'ura ya rufe masa ƙishirwa, ya zuba hodar ƙara kuzari mai kafin a kai, ya hau ƙarfe.

A nan ne tsami ke iya rikiɗewa ya zama abin da ke kashe mutum. Idan ɓarnar tsoka ta wuce kima, zarenta yana farfashewa ya zubar da abin da ke cikinsa a jini, likitoci na kiran wannan rabdo. Daga cikin abin da ke zuba akwai wani furotin mai launi, mayoglobin, wanda ke toshe ƙananan hanyoyin ƙoda, musamman idan ruwa ya yi ƙaranci. Alamominsa uku ne da ya kamata a rubuta a bangon kowane nadi kusa da madubi: ciwon da ya wuce misali, tsoka ta kumbura ta yi tauri har gaɓa ba ta lanƙwasuwa, da fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu ƙwarai. Wanda ya ga haka ba tausa zai nema ba, ba man zafi ba, ba ruwan ɗumi ba. Asibiti zai nufa a wannan daren. Idan an je da wuri, yawanci ƙarin ruwa ta jijiya da sa ido na 'yan kwanaki sun wadatar. Idan aka yi jinkiri, ana iya kaiwa ga wankin ƙoda. Abin takaici, wanda ya fi faɗawa ciki ba rago ba ne. Mai zuciya ne, wanda aka ce ya ƙara ɗari ya ƙara, don kada a gan shi ya gaza.

Mu kuma muna da ƙarin dalilin yin hattara da ba kowane Balarabe ko Bature ke da shi ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rabin sikila, wato AS, kuma wannan jinin ne ke yawo a jikin 'ya'yanmu ko da an haife su a unguwar Jarwal ko Misfala a Makka. Mai AS lafiyayye ne, yana iya zama ɗan wasa na ƙwarai, ba wanda ya ce ya guji ƙarfe. Amma wani bincike da aka buga a 2016 a kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000 ya nuna masu AS sun fi sauran fuskantar rabdo da kashi 54 cikin ɗari. Zafi, ƙarancin ruwa da aiki ba hutu su ne ke tunzura shi, kuma duka ukun a ƙofar gidanmu suke. Saudiyya ta wajabta gwajin sikila kafin aure tun 2004, amma saurayin da ke shiga nadi yana da shekara 18 bai kai ga aure ba, da yawa ba su san nau'in jininsu ba. Gwaji ne mai sauƙi da ake yi sau ɗaya a rayuwa. Wanda zai iya biyan kuɗin robar furotin zai iya biyan kuɗinsa.

Ɗabi'ar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta saidaliyya, wato kantin magani. Yaro ya ji tsami, ya tsaya ya sayi Brufen ko Voltaren, ya haɗiya biyu, bayan rabin sa'a ya ce ai ya warke, ya koma ya ɗaga abin da ya ɗaga jiya. Ƙwayar ba ta gyara komai ba, bakin mai gargaɗi ta toshe. Irin waɗannan magunguna suna rage jinin da ke isa ƙoda, don haka haɗa su da rashin ruwa da tsokar da ke farfashewa tara wa ƙoda abokan gaba uku ne a lokaci guda. Ko ta fuskar ƙwanjin ma asara ce. A 2017 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun ba matasa masu atisaye miligiram 1,200 na ibuprofen kullum har mako takwas, sai ƙaruwar tsokarsu ta tsaya a kusan rabin ta waɗanda ba su sha wannan adadin ba. Shan ƙwaya ɗaya a daren da ciwo ya hana barci wani abu ne daban. Mayar da ita tikitin shiga nadi shi ne abin da nake ƙi. Su kuma masu allurar hormon da ake sayarwa a ɓoye a ɗakin canja kaya, maganarsu ta fi ƙarfin wannan rubutu.

Laifi mafi girma a wurina yana wuyan wasu masu horarwa. Na ga yadda ake karɓar sabon shiga a wani ƙaramin nadi na unguwa: yaro bai taɓa riƙe ƙarfe ba, a ranar farko aka zagaya da shi kowace na'ura, aka rufe da tsuguna-tashi har ƙafarsa na rawa, kabtin na tsaye a kansa yana cewa, "Yalla ya batal, saura goma!" Da wani dattijo da ke kan keke ya ce, "Kabtin, a sassauta wa yaron nan mana, yau ya fara," sai amsar ta zama, "Baba, in bai ji a jikinsa ba zai ce ban yi masa aiki ba." Gaskiyar ke nan ta fito. Ciwon talla ne. Ana sayar wa yaro azaba don ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba. Alhali kariyar nan da na ambata ba ta buƙatar a ragargaza mutum kafin ta samu, zama mai sauƙi ma yana kawo ta. Makon farko da na biyu da nauyi kaɗan da zagaye biyu sun isa su shirya jiki, sai a riƙa ƙarawa. Mai horarwa na ƙwarai, kafin ya miƙa wa ɗanmu ƙarfe, zai tambaye shi wane aiki yake yi da rana, awa nawa yake barci, ko ya san nau'in jininsa. Wanda bai tambayi ko ɗaya ba, mai ƙidaya ne kawai.

Shekararmu a nan tana da giɓi biyu da ke maimaita wannan haɗari: Ramadan da lokacin Hajji. Mutum ya bar nadi wata guda ko biyu saboda azumi ko hidimar alhazai, ya dawo kansa na tuna nauyin da yake ɗagawa a da, ƙarfinsa ma bai ragu sosai ba, amma sabon da tsoka ta yi ya fara sakewa. Yana iya ɗaga nauyin, shi ya sa yake iya yi wa kansa ɓarna fiye da sabon shiga. Mai dawowa ya ɗauki kansa ɗan koyo na mako biyu, ko da abokansa za su yi masa tsiya. A cikin azumin kansa, ban ga hikimar ɗaga ƙarfe mai nauyi da jiki mai tsami kafin buɗa-baki ba, lokacin da mutum ya yi sa'a goma sha uku ko fiye bai sha ruwa ba. Wuraren motsa jiki a buɗe suke bayan tarawihi har tsakar dare, akwai ruwa, akwai sahur a gaba.

Masu son komawa dole sukan jawo hadisin da ke cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma hadisi ne ingantacce. Sai dai Annabin da ya faɗi haka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya hana Abdullahi ɗan Amru azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya, ya gaya masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Idan an taka wa sahabi birki a kan ibada, ban ga yadda damtse zai fi ƙarfin wannan hukunci ba.

Abin da ke warkar da tsami ba ya cikin kwalba. Miƙe-miƙen jiki kafin atisaye ko bayansa, an tattara gwaje-gwaje an ga tasirinsa a kan tsami bai taka kara ya karya ba. Tausa da ruwan ɗumi suna sanyaya rai, ba laifi. Shiga ruwan ƙanƙara yana rage zafi, amma an gano yin sa kullum bayan ɗaga ƙarfe yana rage girman tsoka. Abin da ya rage shi ne barcin sa'a bakwai zuwa sama, wanda a garin da ake shan shayi da hira har biyun dare ya fi ƙarfe wuyar ɗauka, sai furotin kimanin giram 1.6 a kowane kilo na nauyin mutum. Mai kilo 70 yana neman wajen giram 110 a yini. Ful da tamis da safe, ƙwai, laban, adas, kazar da ke kan shinkafar bukhari, tsiren da 'yan'uwanmu ke gasawa a bakin titi, waɗannan sun isa su kai shi idan ya daina barin naman ya cika ciki da shinkafa.

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata da suka fara zuwa nadi tun da aka ba wuraren mata lasisi a 2017, duk abin da na faɗa ya shafe su daidai. Dattawa masu ciwon suga da likita ya ce su motsa jiki su ma haka, da ƙarin abu ɗaya: masu shan maganin rage kitsen jini na dangin statin su sani shi kansa yana iya kawo ciwon tsoka, don haka ciwon da ya ƙi tafiya bayan mako, likitan da ya rubuta maganin ya kamata ya ji labarinsa, ba kabtin ba.

Akwai maganar da ba a son yi a fili. Ba kowane ɗanmu ne takardunsa suka cika ba, ba kowa ke da inshora ba, kuma na san wannan yana sa mutum ya ga fitsarinsa ya yi baƙi ya ce bari a ga gobe. Wanda yake cikin wannan hali shi ya fi kowa buƙatar ya tsaya nesa da bakin rami, ya ƙi gasar nauyi da abokai, ya ƙi kabtin mai cewa saura goma. Idan kuma abin ya riga ya faru, lambar ma'aikatar lafiya 937 tana ba da shawarar likita ta waya dare da rana, ta motar asibiti kuma 997 ce. Abokan zama a ɗaki su ne za su fara ganin mutum ya kasa miƙe hannu ya sa riga, kuma su ne za su ɗauke shi su kai shi ko yana cewa a bari.